Kasuwannin Balad a Jidda: abin saye da abin wucewa

Mai Umra da ya samu rarar yini guda, Balad, tsohon garin Jidda, ta fi manyan kantunan zamani cancantar lokacinsa. Sai dai kada a je da hantsi. Zafin bakin teku mai sa gumi ba zai bar mutum ya yi ciniki a natse ba, kuma kasuwar ba ta cika sai bayan La'asar. Safiyar Juma'a kuwa yawancin shaguna a kulle suke.

A shiga ta ƙofar Bab Makka, a gangara kasuwar Suk Alawi har gidan Nasif, wanda aka kammala a 1881, inda Sarki Abdul'aziz, wanda ya kafa Saudiyya, ya sauka a 1925. Da dutsen murjani na Bahar Maliya aka gina gidajen unguwar, ana ratsa katako a tsakanin sahun duwatsun don bango ya riƙe nauyi. Tagogin katakon da suka turo waje, rawashin, iska na shiga ta cikinsu, na kan titi bai ga na ɗaki ba. Tun da UNESCO ta sa unguwar cikin wuraren tarihi a 2014 ake ta gyare-gyare, don haka za a iya tarar da wani lungu a toshe.

Carbi, darduma da jallabiya, duk irin na Makka ne, kada a ɓata ƙafa a kansu.

Itacen ud, na turaren wuta, shi ne ke son ido. Kada a saya sai mai shago ya ɗora ɗan guntunsa a kan garwashi. Mai kyau yana tsatso mai, ƙamshinsa ya daɗe. Wanda aka rina aka jiƙa da turare, da ƙamshin farko ya wuce sai ƙaurin itace. A kuma tabbata daga tarin da aka gwada aka auna maka, nan ne ake yawan cutar baƙo.

Zinari a titin Ƙabil: a duba hatimi, 875 shi ne karat 21, 750 kuma 18. Farashin giram na ranar ba ya tayuwa, kuɗin ƙira ne ake ragewa, saboda haka a sa mai shago ya faɗi kowanne daban. Sarƙa mai duwatsu asara ce ranar sayarwa, domin cire nauyinsu ake yi. A karɓi rasiɗi mai ɗauke da nauyi da karat, a kuma tambaya ko harajin kashi 15 cikin ɗari na cikin kuɗin da aka faɗa.