Shekara biyun da ta ci mini uku da wata huɗu: karatun kula da numfashi a Amurka

Har yau Hajiyarmu ba ta gama gane aikin da nake yi ba. Duk sanda muka yi waya sai ta sake tambaya, "To wai kai likita ne ko nas?" In ce mata, "Hajiya, ba ko ɗaya, numfashin marasa lafiya nake kula da shi." Sai ta ce, "Numfashi ai na Allah ne." Ban ga laifinta ba. A asibitocin da na sani a gida ba a ware wa mutum guda wannan aiki: nas ce ke sa oksijin, likitan sa barci ke lura da na'urar numfashi, masu gashin ƙashi ke bubbuga ƙirji don majina ta fito. A Amurka kuwa sana'a ce mai cin gashin kanta, da karatunta da jarrabawarta da lasisinta.

Na yi karatun a wata kwalejin al'umma a jihar Ohio, irin kwalejojin gwamnati na shekara biyu masu sauƙin kuɗi, inda za ka tarar da ɗan shekara 18 da mai jikoki a aji ɗaya. Takardar da suke bayarwa ƙaramin digiri ne, bai kai cikakke ba. Tun da na gama, kusan kowace Juma'a sai wani ya tare ni a bakin masallaci yana tambayar yadda abin yake, shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya in huta.

A takardar tallar kwalejin an rubuta shekara biyu. Gaskiya ne, amma daga ranar da aka ɗauke ka cikin shirin ake fara ƙirga. Kafin nan akwai darussan share fage: ilimin sassan jiki da yadda suke aiki kashi biyu, kimiyyar sinadarai, ilimin ƙwayoyin cuta, lissafi da Turanci. Na fara su a Janairun 2020 ina aikin dare a wani ɗakin ajiyar kaya, na shiga shirin a Agustan 2021, na fito a Mayun 2023. Kai ma ka lissafa. Kuma ba wai ka ci darussan ne kawai ba, sai ka ci da kyau, don kujerun kaɗan ne kuma da maki ake tantancewa. Mu 24 aka ɗauka a shekararmu, 16 muka kai bantenmu.

A nan na fara cin karo da abin haushi. Ina da difloma ta kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje daga gida. Wani jami'in ba da shawara ya ce in kai takarduna a tantance, za a yafe mini kimiyyar sinadarai. Na biya kuɗin tantancewa, na jira wata biyu, sakamako ya zo, sai wata jami'ar daban ta buɗe kundin doka ta nuna mini cewa a kwalejin ba a karɓar darasin kimiyya da ya wuce shekara bakwai. Nawa na 2011 ne. Zango guda ya tafi haka nan. Tun daga ranar ban ƙara yarda da maganar baka ba, duk abin da aka gaya mini sai in ce a turo mini ta imel.

Kafin ka biya ko sisi, ka duba ko CoARC, hukumar da ke tantance shirye-shiryen wannan karatu, ta amince da shirin. In ba ta amince ba, ba za a bari ka zauna jarrabawar ƙasa ba, ka ga an yi ba a yi ba ke nan.

Batun kuɗi, nan ne kwalejin ta ciri tuta. Kuɗin makaranta gaba ɗaya bai kai dala 13,000 ba, abin da wata jami'ar kuɗi za ta karɓa a zango guda. Na cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, na samu tallafin Pell, wanda ba a biya daga baya. A shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023 iyakarsa dala 6,895 ne, kowa kuma gwargwadon samunsa ake ba shi. Mai katin zama na dindindin yana iya nema. Sai dai wanda ya riga ya yi cikakken digiri, ko da a gida ya yi shi, ba ya cikin masu samu. Wani abokina mai digiri daga gida sai da ya shiga ya gane haka. Amma kuɗin da ya fi ciwo ba ya cikin takardar biya. Akwai littattafai, kayan sawa, abin sauraron ƙirji, binciken ko ka taɓa aikata laifi, gwajin ƙwaya, alluran rigakafi, katin koyon farfaɗo da zuciya, da man mota. Sama da duka, akwai awannin aikin da za ka bari. A shekarar ƙarshe kwana biyu kacal nake iya aiki a mako, uwargida ce ta riƙe gidan. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba, sai dai nama ya yi ƙaura daga miya na wani lokaci.

Abu biyu sun same ni da ba su sami 'yan ajinmu haifaffun nan ba. Na farko gwajin tarin fuka. Yawancinmu an yi mana allurar BCG muna jarirai, ga tabon nan a damtse. Da aka yi mini gwajin fata sai wurin ya kumbura, aka tura ni hoton ƙirji, aka kusa hana ni fara zuwa asibiti a kan lokaci. Gwajin jini ne ya wanke ni, don shi BCG ba ta ruɗa shi. Da na sani da shi na nema tun farko.

Na biyu gemu. Takunkumin N95 ba ya kama fuska in akwai gashi a inda bakinsa ke zama. Ranar gwaji aka kifa mini wata hula kamar bokiti, aka fesa wani abu mai ɗaci a ciki, matar ta ce in karanta wani rubutu da ƙarfi, in juya kai hagu da dama. Ban kai layi na biyu ba ɗacin ya cika mini baki. Ta dube ni ta ce ko dai aski, ko in nemi hular nan mai injin hura iska da ake ɗaurawa a ƙugu. Na nemi hular. Wani asibitin ya ba ni ba musu, wani kuma ya ce nasu na ma'aikata ne ba na ɗalibai ba, sai da shugabar shirinmu ta sa baki. Wannan mata Allah Ya saka mata. Ka yi wannan magana da su tun kafin a raba ku asibitoci, kada ka bari sai ranar.

Karatun aji ya fi yadda na zata nauyi, kuma lissafi ya yi yawa a ciki. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ce oksijin, kowace lita ɗaya da ka ƙara ta robar hanci tana ɗaga shi da kusan kashi 4. Yawan iskar da bentileta, wato na'urar numfashi, za ta tura a numfashi guda ba da nauyin da sikeli ya nuna ake auna shi ba, da tsayin mutum ne, don huhu ba ya ƙiba: mililita 6 zuwa 8 a kowane kilo na nauyin da ya dace da tsayinsa. Sai karatun iskar jini, wanda har a mafarki nake yi: pH daga 7.35 zuwa 7.45, iskar kabon 35 zuwa 45, bayikabonet 22 zuwa 26. Malamanmu duk tsofaffin ma'aikata ne, wasu ma suna aikin dare a asibiti su zo aji da safe idanu jajur. Wannan na yaba ƙwarai. Kayan ɗakin gwajinmu kuwa sun kwana biyu. Bentiletar da muka koya a kanta ban taɓa ganin irinta a wani asibiti ba.

Asibiti ne ainihin makarantar. Kwana biyu a mako da farko, daga baya uku, awa 12 kowace rana, ba a biyan ka ko kwabo. An taɓa tura ni wani asibiti mai tafiyar awa ɗaya da kwata, in fito biyar na asuba in kankare ƙanƙara daga gilashin mota, in yi sallar asuba a ɗakin ibadar asibitin. Azumin 2022 a sashen masu tsananin ciwo ya same ni. Kuma sa'arka tana hannun ma'aikacin da aka haɗa ka da shi. Wani zai ja ka a jiki ya sa ka taɓa komai. Wani kuwa kallon kaya yake maka. Akwai wanda na bi yini guda bai tambayi sunana ba, sai dai in riƙe masa kwandon magani muna zaga ɗakuna ana ba mutane hayaƙin albuterol, maganin buɗe hanyar numfashi.

Ba na mance ranar da na fara ɗibar jini daga jijiyar wuyan hannu. Ba irin jijiyar da nas ke nema ba ce, wannan mai bugawa ce, ba a ganinta, sai dai a ji ta da yatsa. Tsohuwa ce mai ciwon huhun masu shan taba, hannunta kamar busasshen ganye. Na danne jijiyoyin biyu na saki ɗaya in ga tafin ya dawo ja, na aza yatsu biyu, na karkata allura. Ba komai. Gumi ya keto mini. Mai koya mini ta raɗa mini, "Kada ka tona, ja baya kaɗan." Na ja baya kamar tsawon ƙwayar shinkafa, sai ga jini ja wur yana hawa sirinji da kansa, yana tsalle daidai da bugun zuciyarta. Tsohuwar ta buɗe ido ɗaya ta ce na fi na jiya. Na danne wurin minti biyar hannuna na rawa.

Akwai kuma abin da takardar talla ba ta faɗa, wanda shi ne babban ƙorafina a kan shirin. Idan dangi da likitoci suka yanke shawarar a daina taimakon na'ura, sau da yawa mai kula da numfashi ne ke zare robar daga maƙogwaro ya kashe bentiletar. A aji yamma guda aka ba wannan batu, da 'yan hotuna a allo. A zango na huɗu na tsaya a bayan mai koya mini ta yi. Ta zuƙe majina, ta sace iskar balan-balan ɗin da ke riƙe robar, ta zare a hankali cikin tawul, ta share wa mutumin baki, ta kashe ƙararrawar na'ura don kada ta dami iyalin. 'Yarsa na riƙe da ƙafarsa. Muka fito, ta dubi agogo ta ce muna da magani a hawa na uku. Ni kuwa na shiga banɗaki na daɗe ban fito ba.

Ranar Juma'a na sami limaminmu na ce, "Malam, ina da tambaya mai nauyi." Ya saurare ni har na gama. Ya ce malamai sun daɗe da zama a kan batun, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta yi hukunci a Amman a 1986 cewa ana iya cire na'ura idan ƙwararrun likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya ba dawowa. Na ce, "Allah gafarta Malam, ba duk waɗanda muke gani ne suka kai nan ba." Ya yi shiru, sannan ya ce in riƙa zuwa muna duba su ɗaya bayan ɗaya. Har yanzu muna yi. Duk mai niyyar wannan karatu, ya yi wannan zaman da malaminsa da kuma zuciyarsa kafin ya cike fom.

Bayan kammalawa sai jarrabawar ƙasa, ta hukumar NBRC mai ba da shaidar sana'ar. A lokacinmu biyu ne. Ta farko tambaya 160 cikin awa uku, 140 ake ba maki, kuɗinta dala 190. Tana da matakin ci biyu: na ƙasa ya ba ka CRT, shaidar matakin farko, na sama ya buɗe maka ƙofar ta biyu. Ta biyun dala 200, awa huɗu, matsaloli 22 na marasa lafiya a kwamfuta, ka zaɓi abin da za ka bincika da abin da za ka yi, in ka zaɓi mai cutarwa a rage maka maki. Ita ke ba da RRT, babbar shaidar, kuma a Ohio sabon shiga ba ya samun lasisi sai da ita. Ta farko na wuce lafiya. Ta biyu ta kayar da ni, don na amsa yadda na ga ana yi a asibiti. Ɗalibai na cewa akwai "asibitin NBRC", inda komai na nan, likita na jiran shawararka, ba a gaggawa ba a tsallake mataki. Sai da na koyi zama a wannan asibitin na mafarki na wata guda kafin na ci a karo na biyu. A nan ma kwalejin ta yi sakaci, sai makonnin ƙarshe aka fara horar da mu kan salon.

Aiki kam bai yi wuya ba, tun kafin in gama asibitoci biyu suka neme ni. Alƙaluman ma'aikatar ƙwadago ta Amurka na Mayun 2023 sun nuna matsakaicin albashin sana'ar dala 77,960 ne a shekara. Sabon shiga ba ya farawa a nan, amma aikin dare da na ƙarshen mako suna da ƙari. Dare uku nake yi a mako. In da za a mayar da ni 2020, zan sake shiga, sai dai zan tara kuɗin wata shida tukuna, in kuma nemi kowace magana a rubuce.

Ƙaramin digirin yana da iyakarsa. Ƙungiyar masu sana'ar, AARC, ta daɗe tana neman a mayar da cikakken digiri ya zama matakin shiga, kuma da wuya ka ga an ba da shugabancin sashe ko koyarwa ba tare da shi ba. Na riga na cike fom ɗin ƙarasa digirin ta intanet, asibitinmu zai biya wani kaso. Da na gaya wa Hajiya sai ta ce, "Wato bayan wannan za ka zama likitan?" Na ce a'a. Ta ce, "To Allah Ya ba da sa'a, amma ka riƙa yi musu kalmar shahada a zuci." Ban gaya mata cewa yawancinsu ba Musulmi ba ne.