Wace na'urar DVD za ka saya wa gida?

Waya ta cinye harkar kallo, amma har yanzu gidaje da dama suna da kwalin fayafayai a ƙarƙashin gado: bidiyon biki, tafsirin azumi, tsofaffin finafinan Hausa da aka sayo a Ƙofar Wambai tun zamanin CD. Yawancinsu ba za ka same su a intanet ba, musamman na bikin gida. Kafin ka nufi kasuwa neman abin kunna su, fara leƙa bayan talabijin ɗinka, don shi zai nuna maka irin na'urar da ta dace.

In tsohon talabijin ne mai kauri, ramuka uku za ka gani: rawaya na hoto, fari da ja na sauti. Kusan kowace DVD tana da su, launi kawai za ka bi. Wasu talabijin suna da ƙarin ramuka, kore da shuɗi da wani jan, kuma a nan mutane ke rikicewa. A soka wayar rawaya a kore, hoto ya fito fari da baƙi, a ce na'ura ce ta lalace. In kuwa filasma gare ka, nemi mai HDMI, waya ɗaya da ke ɗaukar hoto da sauti tare. Sabbin talabijin da yawa ma sun daina zuwa da ramin rawaya. Sai dai kada rubutun 1080p da ke jikin kwali, mai nuna kaifin hoto, ya ruɗe ka. Hoton faifan DVD ɗigo 720 a 576 ne, na VCD kuwa 352 a 288, na'urar buɗa shi kawai take yi ya cika fuskar talabijin. Tsohon VCD a kan inci 43 zai fito dishi-dishi ko nawa ka kashe.

Iri uku ne a gabanka. Akwai ta ajiyewa a falo, wadda ita nake ba yawancin mutane shawarar saya: ga araha, ga masu gyara a ko'ina, kuma tana karanta DVD da VCD da CD na sauti. Akwai ƙarama mai fuskarta da batirinta, wadda ke da rana inda wuta ba ta zama, ko don yara; rauninta batiri da mahaɗin murfi, su ne ke fara mutuwa. Sai Blu-ray, da ta fito a 2006, mai faifan da ke ɗaukar gigabait 25 maimakon 4.7 na DVD. Hotonta ba a magana, amma ina faifan? In ba kana da mai aiko maka da su daga waje ba, kuɗinka ka binne.

Abin da na fi so mai saye ya tsaya a kai shi ne ramin filas. Kusan kowace tana da shi yanzu, amma ba kowane bidiyo suke buɗewa ba. Masu araha da yawa nau'in fayil na AVI da MPEG da MP3 kawai suka sani, bidiyon MP4 da aka turo maka a waya sai su ƙi shi, ko sauti ya fito babu hoto. Galibi kuma sai an yi wa filas ɗin fomat da tsarin da ake kira FAT32, wanda ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 4. Maganar mai shago cewa "tana cin komai" ba hujja ba ce.

'Yar gwanjo fa? Tsohuwar Sony ko LG ko Panasonic takan fi sabuwa marar suna ƙarko, amma duba abu biyu. Na farko takardar bayanta: in an rubuta ƙarfin wuta (volt) 100 zuwa 240, lafiya lau. In 120 kaɗai ka gani, ta Amurka ce, wutarmu 230 ce, tashi ɗaya za ta ƙone. Na biyu makullin yanki. Kamfanoni sun raba duniya da lambobi: Najeriya da Nijar da Indiya suna 5, Saudiyya da Turai 2, Amurka 1. Fayafayan da ake bugawa a nan galibi ba su da makulli, amma na asali da aka zo maka da shi tsaraba daga Makka na iya ƙin tashi. Nemi wadda ke karanta kowane yanki.

In ka kai ta gida, kada ka ɗora ta kan stabilaiza ko wani abu mai zafi, ka riƙa rufe ta da ƙyalle lokacin hunturu, don ƙura ce ke makantar da idonta mai karanta faifai har ta riƙa cewa babu faifai. Kashe ta kafin a juya wuta zuwa janareto. Faifai kuma daga tsakiya ake goge shi zuwa baki, ba a kewaye ba.

Ranar sayen, tafi da faifanka mafi karce, da VCD guda, da filas ɗinka. A kunna su a gabanka, ka bar faifan ya yi kamar minti 10, don mai raunin ido sai ta ɗau zafi take fara sarƙewa. Gwada rimot ɗin maɓalli bayan maɓalli, sannan ka biya, ka karɓi rasit.