Glock 17 ko CZ Shadow 2: Ka koma tsohuwar ko ka daure?

Malam, ka ce kana harbin gasar IPSC, wadda ake auna sauri da daidaiton harbi a cikinta, a Afirka ta Kudu da ƙaramar bindigar hannu Glock 17 a kuben fata, sai ka sayi CZ Shadow 2 da kuben Kydex, wato na roba mai tauri, yanzu zarowa ta yi maka nawa, harbin farko kuma yana sauka ƙasa. Kana tambaya ko ka koma inda ka fito. Ni dai a ganina ka daure, domin hannunka ne bai gama sabawa ba.

Fara da nauyi. Glock 17, ƙirar Ostiriya, jikinta roba ne, nauyinta wajen giram 700 in babu harsashi. Shadow 2, wadda kamfanin CZ na ƙasar Cek ya fitar a 2016, ƙarfe ce zalla, ta haura kilo 1.3. Nauyin nan shi ke danne bakinta in ta tashi, sai saiti ya dawo da wuri a harbi na biyu. Amma wajen zarowa da juyawa daga wannan allo zuwa wancan, hannu zai riƙa wuce gona da iri kafin ya koyi inda zai ja birki.

Saukar harbin farko kuwa, abu biyu ne suka haɗu maka. Mariƙin Glock ya fi kwantawa baya, don haka wuyan hannunka ya saba karyewa gaba. Ka kai wannan riƙon kan CZ, bakinta sai ya dubi ƙasa. Na biyun shi ne kunama, kuma nan ne aikin yake. A Glock jan kunama iri ɗaya ne tun daga harsashin farko har na ƙarshe. A rukunin Production kuwa, na bindigogi kamar yadda kamfani ya ƙera su, Shadow 2 tana farawa ne da gudumarta (ƙarfen bayanta mai bugawa harsashi ya tashi) a kwance, wato jan farko dogo ne mai nauyi, na bayansa gajeru masu laushi. Yatsan da ya saba da ja ɗaya sai ya fizgi na farkon, bindiga ta sunkuya. Ga shi ba ta da maɓallin kwantar da guduma, da yatsu za ka sauke ta a hankali a gaban alƙalin fili. In ta suɓuce bindiga ta tashi, ka jawo wa kanka magana.

Batun kube bai kai wannan tsawo ba. Fata tana laushi, tana shan gumi, bakinta yana rufewa in an zare bindiga, har mutum ya kai ɗaya hannun yana buɗewa, abin da ke sa bakin bindiga ya ratsa ta kan hannu, laifin da ake kora a kansa. Kydex a buɗe yake kullum, kana jin ƙas in ta zauna, kuma akwai noti na ƙara matsi ko sassautawa. Illarsa dai yana goge fentin bindiga. Wanda ya damu da fenti ba gasa ya zo ba. Ka tabbata kuben ya rufe kunama ruf, kuma tazarar bindiga da jikinka ba ta wuce milimita 50 da dokar rukunin ta yanka ba.

Ka ɗaura sabon kuben daidai inda tsohon yake zama a ƙugunka, ka sa alama a bel, kada ka sake taɓa shi. Sai atisaye babu harsashi: ka fitar da magazin, ka leƙa ciki da ido, harsasai suna wani ɗaki. Ka rufe ido, ka zaro, ka miƙa, sannan ka buɗe ka ga inda saiti ya tsaya. Minti goma kullum ya fi awa biyu ranar Asabar. Kuma ka ajiye Glock ɗin a akwati tukuna, don in kana ɗaukar wannan yau, waccan gobe, wuyan hannun ba zai tsaya wuri ɗaya ba.

In bayan gasa biyu ko uku makinka, wato maki a raba da daƙiƙoƙi, bai kamo na da ba, sai ka dawo mu duba ko mariƙin ne ya yi wa tafinka girma.