Kafin ka zuba kuɗi a kayan zana tsofaffin masallatai

Ƙanina ne ya ishe ni wai sai ya sayi iPhone Pro don yana son ya ɗauko masallacin Juma'a na Zariya a 3D, wanda shahararren magini Babban Gwani ya gina tun wajen shekarun 1830. Na ce masa tsaya tukuna, zane za ka yi ko awo?

In zane ne, wato ka zauna ka fito da kamannin ginin yadda yake a da, kafin a kewaye shi da siminti, to iPad da manhajar zane ta Procreate sun fi daɗin hannu, sau ɗaya ake biyan kuɗin manhajar ba wata-wata ba, amma fa fensirin daban ake saye kuma shi ma ba arha ba. Mai laftop ya nemi ɗan allon zane na Huion ko XP-Pen ya sa manhajar Krita, kyauta ce, sai dai kwana biyun farko hannu na kan allon ido na kan laftop, har sai ka ji kamar ka yi jifa da shi.

Wajen awo ne mutane ke tafka asara. LiDAR ɗin iPhone, wato na'urar auna nisa da ke cikinsa tun daga 12 Pro, iyakarsa wajen mita 5 ne. A cikin masallaci yana aiki sosai, ƙarƙashin rufin bakan gizo da daurin guga inda haske ya yi ƙaranci, amma hasumiyar masallacin Agadas mita 27 ce, ina zai kai? Ga ginin ƙasa Android ɗinka ma ta isa wallahi, ka zagaya kana ɗaukar hoto kowanne ya ɗan hau kan na baya, sai manhajar KIRI Engine ko RealityScan ta haɗa maka su a 3D. Yaɓe da makuba suna da kaushi, ga tsaga ga shatin yatsun magina, manhajar tana samun abin kamawa, bangon da ya sha farin fenti ko tayil mai sheƙi shi ke rikita ta. Ka fita da sassafe, in rana ta take inuwa na ɓata aiki, kuma data za ta sha kashi tunda sai ka loda hotunan.

Jirgin ɗaukar hoto daga sama kuwa a bar shi tukuna, neman izininsa ma aiki ne. Ko da waya za ka yi, ka fara gaida liman ka faɗi abin da ya kawo ka, kar ka shiga ana shirin sallah.

Shi dai ƙanin nawa allon Huion na hannu ya saya da fawa bank, ragowar kuɗin ya yi na mota zuwa Katsina ganin hasumiyar Gobarau.