Kafson probiotic da na haɗa da omeprazole: ya taimaka, amma kwalin ya cika baki

Saboda ƙwannafi likita ya ɗora ni a kan omeprazole, kuma ya yi aikinsa, zafin ƙirji ya kwanta. Sai ciki ya ɓullo da nasa rigimar: kumburi bayan cin abinci, gyatsa, ga ƙugin hanji har na kusa da ni yana ji. Abin da ya sa na sayi wannan kafson probiotic ke nan, wato mai ɗauke da bakteriya masu rai masu amfani ga hanji.

Ba haka kawai na yi ba. Asid ɗin tumbi mai gadin ƙofa ne, shi ke kashe yawancin bakteriyar da muke haɗiya. Idan magani ya rage shi, bakteriyar baki irin su Streptococcus sai su wuce hanji da ransu. Tun 2012 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi cewa dangin omeprazole na iya ƙara haɗarin gudawar da bakteriyar Clostridium difficile ke haddasawa.

Kafson ƙarami ne, ba wari, bai tsaya min a maƙogwaro ba. Bakteriyar Lactobacillus da Bifidobacterium ne a ciki. Kwanakin farko ma iska ƙaruwa ta yi, har na kusa ajiye shi. Daga baya kumburin ya ragu sosai, bayan gida ya daidaita. Da kwalbar ta ƙare kuwa, a hankali kumburin ya dawo, domin waɗannan ƙwayoyin ba kasafai suke zama a hanji ba, wucewa suke yi.

Inda raina ya ɓaci shi ne kwalin. An rubuta bakteriya masu rai biliyan 10 ɓaro-ɓaro a gaba, sai a gefe, da rubutun da sai ka ƙanƙance ido, aka ce adadin na ranar da aka haɗa shi ne. To abu mai rai fa, kullum mutuwa yake a kan kantar shago, nawa suka rage ranar da na buɗe? Umarnin a sa a firij ma can ƙasan kwalbar aka ɓoye shi. Ga alƙawarin "gyara hanji gaba ɗaya", wanda zuƙi ta malle ce.

Zan sake saye, amma wanda ya ba da tabbacin adadin har ranar lalacewarsa. Mai raunin garkuwar jiki kada ya taɓa shi sai da izinin likita. Ni dai idan na koma asibiti, maganar rage omeprazole sannu a hankali zan tayar, tunda yanke shi lokaci guda kan sa asid ya dawo da ƙarfi.