Cata ko makarantar unguwa: wace za a kai yaro a Bronx?

Hajiya, kin ce kun sauka Bronx, a birnin New York, da yara biyu, ɗan shekara 5 da 'yar shekara 9 da Turancinta bai zauna ba, kina tambaya ko makarantar cata (charter school) za ki kai su ko ta unguwa.

Duka biyun na gwamnati ne, kyauta, kuma ba a tambayar takardun zama. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke wannan tun 1982. Bambancin shi ne ta unguwa hukumar ilimi ta birni ke tafiyar da ita, cata kuwa wata ƙungiya ce ta karɓi izinin gudanarwa, a sabunta mata in ta yi kyau, a rufe ta in ta gaza.

Wajen shiga, ta unguwa adireshi take bi. Ki je Family Welcome Center, wato ofishin rajistar ɗalibai na hukumar ilimi, da shaidar adireshi guda 2, takardar haihuwa ko fasfo, da katin rigakafi, za a ba yaro gurbi ko a tsakiyar shekara ne. Shi ƙaramin yaron, ajin share fage (kindergarten) zai shiga, wanda ake nema ta MySchools, shafin intanet na hukumar, a lokacin hunturu.

Cata ƙuri'a take jefawa in masu nema sun fi kujeru. Galibi ana rufe karɓar takarda 1 ga Afrilu. Ana fifita ɗaliban da ke ciki, sai 'yan'uwansu, sai mazauna gundumar makarantar, cikin gundumomi 32 na birnin New York. A nan ake tafka kuskure: a cike makaranta ɗaya tak, ko a cike bayan wa'adi, sai sunan yaro ya faɗa ƙarshen jerin masu jira. Ki cike da yawa, ba ko sisi. In kuma ƙuri'a ta faɗo kanki, ki amsa da wuri, don jinkiri na sa a miƙa wa wani.

Su wa ke ciki? Cata na ɗauke da wajen kashi 15 cikin 100 na ɗaliban gwamnati a birnin, kusan 9 cikin 10 baƙar fata ne ko 'yan asalin Latin Amurka, yawanci daga gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Amma masu koyon Turanci sun fi yawa a makarantun unguwa. Wasu catocin ma ba sa ɗaukar sabon ɗalibi in an wuce wani aji, wanda hakan zai iya shafar babbar.

Cata kan fi tsawon yini, da yunifom da tsauraran ƙa'idoji. Makarantun birni suna hutun Sallah ƙarama da babba tun 2015. Cata kowace da nata jadawalin, sai kin tambaya.

Shawarata: ki sa su duka a ta unguwa yanzu, ki cike cata kafin Afrilu. Ga babbar, kada ki mayar da ita cata sai an gaya miki malaman Turanci nawa ne a can, kuma minti nawa za ta samu a mako.