Ciwon gwiwar hannu: allura ko atisaye?

Mai yankan shinkafa da lauje a fadamar Argungu da mai daka da taɓarya duk sun san zugin nan na gefen gwiwar hannu. Jijiyar da ke ɗaga wuyan hannu ce aiki ya cinye.

Allurar sitiroyid, wato maganin rage kumburi da ake yi a wurin ciwon, tana kwantar da zafin da wuri, mutum ya koma gona. Sai dai sauƙin na 'yan makonni ne, ciwon yakan dawo, kuma yawan maimaita ta yana raunana jijiyar.

Atisaye kuwa sai da haƙuri. A rage aikin da ke tayar da ciwon, a ɗora hannu bisa tebur riƙe da ƙaramar gorar ruwa, a riƙa sauke wuyan hannun sannu a hankali, kullum. Yakan ci watanni 6 zuwa 12, amma yawanci ana warkewa. Ni shi nake ba mutane shawara, in dai ba kumburi ko mutuwar yatsu, wanda wannan sai asibiti.